Mai Hawa da Mai Tarba

Bana ma dabino ya nuna, zafi kuwa bai sassauta ba har ƙarshen kakarsa. Duk inda ka bi a Madina kwalaye ne jibge a bakin shaguna, ƙuda na bi, masu saye na latsawa suna tsaki, sai ka ce su suka hau suka yanko. Ni da dabino na ci abinci, shago gare ni, da shi na gina gida a unguwar Khalidiyya, amma ba na sa shi a baki. Ko da azumi da ruwa nake buɗe baki. Duk da haka kowace kaka sai na zaɓi kwali mafi kyau na kai wa yayana Dauda a unguwar Aƙiƙ. Shi yana so. Ba ya tuna abin da ya ci da safe, sunan jikokinsa ma ɓace masa yake, wuyansa a karkace, hannun dama na rawa, amma in ka miƙa masa dabino zai latsa ya gaya maka ko an yi gaggawar yanko shi.

Ɗansa Nasir ke riƙe da shi. Abin da Nasir ya sani tun yana yaro shi ne, nonon dabino ne, wato curin 'ya'yan gaba ɗaya, ya tsinke ya faɗo wa ubansa a ka a wata gona a Badr, wata biyu kafin a haife shi. Haka muka gaya masa, haka muka gaya wa kowa. Ƙarya ce. Ni na faɗo masa. Shekara arba'in da 'yan kai ina ɗauke da maganar nan, ina kai kwali, Nasir na karɓa da hannu biyu yana cewa Allah ya saka wa Baffa.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗana Faisal ya tuƙa ni da kwalin bana. Faisal ya yi karatu a Amurka, ya dawo mana da takarda da kuma cutar kallon ƙwallonsu. Ba irin ƙwallon da muka sani ba ne. Ƙarti ne sun sa kwalkwali, sun cusa wani abu a kafaɗa, su durƙusa su fuskanci juna, sai a miƙa wa wani da ke bayansu ƙwallo mai siffar gwanda. Shi wannan ɗin shi ne mai jefawa. Na gabansa su tare masa, na wancan ɓangaren su yi ta neman hanyar da za su fasa su kayar da shi kafin ya jefa. Faisal ya shafa wa Nasir cutar, to yanzu duk Juma'a in an ci shinkafa sai su kunna wasan da aka yi a makon su yi ta musu. Faisal yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, kamar duk sa'o'insa. Nasir kuwa rabi da rabi yake yi. Ni da Yaya Dauda muna gefe a kan kujera, na'urar sanyi na hura mu.

Ina gyangyaɗi ma na ji Nasir ya buga cinya. Wani jibgegen mutum ya fasa, ya rungumi mai jefawa, suka tafi ƙasa tare. Alƙalin wasa ya zaro wani ƙyalle rawaya ya wurga, aka ce jibgegen ya yi laifi.

Nasir ya ce, "To wannan me ya yi? Ƙwallo na hannun mutumin ya kama shi. Bai taɓa kansa ba, bai bugi gwiwarsa ba."

Faisal ya ce, da Larabcinsa, "Ya danne shi da duk nauyinsa. An hana. Ka kayar da shi, amma ka mirgina gefe."

"Mutum mai nauyin firiji, yana cikin gudu, ka ce a iska zai zaɓi inda zai faɗa? Gara su ɗaura wa mai jefawar nan zane kawai su zaunar da shi a inuwa."

"Ya akhi, ka duba shi mana. Idonsa na can nesa yana neman wanda zai jefa wa, hannunsa a sama, haƙarƙarinsa a buɗe. Ba ya ganin mai zuwa. Kowa a filin yana iya kare kansa, ban da shi. In ya karye, halas, shekarar ƙungiyar ta mutu. Shi kaɗai ne ba a samun madadinsa."

Nasir ya nuna talabijin da ƙashin kaza. "Su biyar ɗin nan da ke gabansa fa? Duk bugu sai sun gwara kai da na gabansu, tun farkon wasa har ƙarshe. Wa ya taɓa wurga musu ƙyalle?"

"Akwai dokokinsu su ma."

"Ka san sunan ko ɗaya a cikinsu?"

Faisal ya yi dariya ya ce aikinsu ke nan. Nasir ya maimaita, "Aikinsu," yana kaɗa kai. Sai ya juyo wajena. "Baffa, kai ne babba. Raba mu. Adalci ne a ce jikin wani ba a taɓa shi, na wani kuwa don a taɓa aka kawo shi?"

Bakina ya bushe ƙarau. Irin bushewar nan ban ji ta ba tun azumin Badr.

Shekarar, azumi ya faɗo a tsakiyar kakar dabino. Ina da shekara sha tara, Yaya Dauda ya ba ni shida. Mu 'yan Sudan ne ta wajen haihuwa, iyayenmu Hausawa da hanyar hajji ta ajiye a can, mu kuma muka ƙarasa musu tafiyar. Aikin da muka samu shi ne a gonar wani dattijo a bayan Badr, tsakanin baƙaƙen duwatsu. Mu tara ne ma'aikata, sai Hajara matar Yaya Dauda da ke mana girki da tsohon cikinta. Bukka biyu aka ba mu ta ganyen dabino, ɗaya tasu, ɗaya tamu ta gwauraye.

Zafin wurin nan ba a ba da labarinsa a gane. Duwatsun su sha rana tun safe, in ta faɗi su ci gaba da huro ta. Wajen hantsi iskar samum ta taso, in ta bugi fuskarka sai ka ji kamar an buɗe maka tanda. Yawu ya ƙafe tun kafin azahar, harshe ya yi kauri, in ka yi magana leɓe ya tsage. Akwai injin ban ruwa da ke zuba a wani tafki na siminti. Nan muke tsoma riguna mu mayar a jiƙe, kafin ka kai itace na uku sun bushe sun yi farin gishiri. Ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarka a hanyoyinsa, mai sanyi, kana ji kana gani, ba halin sha. Da yawa a cikinmu sun yi kuka a ɓoye a azumin nan, ni ma na yi.

Abinci kuwa dabino ne, da safe ba a ci, da magariba shi ne, da sahur shi ne. Gero babu. Hajara takan daka alkama ta dama mana kunu da tsamiya don dai mu ji ƙanshin gida, sai miyar hatsi irin ta mutanen nan, wadda ake nuna wa nama daga nesa. Sau ɗaya a mako motar gonar ke kawo mana shinkafa da albasa da ganyen shayi daga Madina. In shayi ya ƙare kafin ta zo, a shanya tsohon ganye a sake dafawa.

Da an yi sallar asuba ake fita, don a ci aiki kafin rana ta yi ƙarfi. A gonar dabino mutum iri biyu ne: mai hawa da mai tarba. Mai hawa yana da ɗamara ta igiya mai sili uku, wadda ake tufkawa da zaren jikin dabinon. Ka zagaya ta da itacen da bayanka, ka jingina, ka kafa tafin ƙafa a kututturen tsofaffin rassa, ka cilla igiyar sama, ka bi ta. In ka kai, ga ƙaya mai tsawon yatsa ta ko'ina, ga wuƙa a hannu ɗaya, ga nonon dabino mai nauyin yaro a ɗayan. Ka yanke, ka ɗaura a doguwar igiya, ka zura. Mai tarba yana ƙasa, shi zai karɓa, ya kwance, ya zuba a kwando, in mai hawa ya sauko ya ɗauka a ka ya kai mashanya, ya dawo da gudu. Kafin ka yanke sai ka yi kira ba tare da ka duba ƙasa ba: "Kana nan?" Shi kuma ya ce, "Ina nan." In ba ka ji amsa ba, ba ka yankewa.

Ni ne mai hawa. Ba ni da nauyi, ba na jin jiri, kuma ina da hannu. Mu biyu ne kawai masu hawa a gonar, ni da wani tsoho da gwiwa ta fara ba shi matsala. Yaya Dauda shi ne mai tarbata.

Mai gonar yana da doka a kan mai hawa, kuma ba a wasa da ita. Mai hawa ba ya ɗaukar kwando. Ba ya riƙe fartanya, ba ya gyaran hanyar ruwa. Da rana ta take, inuwa mafi kauri tasa ce. Samari in sun yi kokawa bayan shan ruwa, ba a kama mai hawa, ko da wasa. Wani ya taɓa murɗe mini hannu muna raha, washegari aka sallame shi. Da sahur ana aiko wa mai hawa kwanon nonon akuya daga gidan mai gona, nasa shi kaɗai. Sai babbar dokar, wadda ake gaya wa mai tarba ranar da ya fara aiki: muddin mai hawa na sama, kai kana gindin itacen, ba ka matsawa. In ya zamo, kai ne ƙasarsa.

Ba zan yi ƙarya ba, dokar ta yi mini daɗi. Ina sha tara, dattawa na matsa mini a inuwa. Nonon akuyar nan, kwana biyun farko na miƙa wa Yaya Dauda, ya ce, "Sha abinka, Yunusa, kai ke sama." Daga nan ban ƙara miƙawa ba. Hajara da cikinta tana kallon kwanon, ina shanyewa ina lashe baki. Shi kuwa alfahari yake da ni. In na kai ƙololuwar itace mafi tsawo sai in ji shi yana gaya wa sauran, "Ƙanena ne fa."

Kuma abin da ke ci mini rai har yau shi ne, dokar tana da gaskiyarta. Faisal bai yi ƙarya ba. Wanda ke sama hannunsa biyu a cike suke, idonsa na kan ƙaya, ba shi da abin kare kansa. In ya karye, dabino ya ruɓe a kan itace, mu tara da iyalanmu mu tashi a banza. Mai tarba kuwa, a bakin hanyar Badr kullum akwai mutum goma da ke neman aikin. Ba wanda ya taɓa faɗar haka da baki, amma duk mun sani, har shi Yaya Dauda.

Ranar sha bakwai ga azumi, tun da safe na ga sili ɗaya na ɗamarata ya tsinke, daidai inda take gogar itace. Na juya wurin ya koma bayana. Wajen hantsi, ina saukowa, Yaya Dauda ya kama igiyar ya duba.

Ya ce, "Wannan ta gama aiki. Zauna a inuwa in je bukka in kawo sabuwa."

Bukkar na can ƙarshen gonar, zuwa da dawowa a cikin ranar nan ya kai rabin awa. Ni kuma so nake mu gama layin kafin azahar in je in kwanta a bakin tafki. Na ce, "Itace uku ya rage, Yaya. Sili biyu sun isa."

"Yunusa, igiya ba ta shawara."

"Ni ke hawa ko kai?"

Haka na ce masa. Yayana, wanda ya goya ni a hanyar Sawakin, tun muna Sudan. Ya dube ni, ya saki igiyar, ya je ya tsaya a gindin itacen inda doka ta ce ya tsaya.

Na farko lafiya. A na biyu, dogo ne ƙwarai, na kai sama, na kama nonon, na ce, "Kana nan?" Ya ce, "Ina nan." Na jingina da baya don in samu ƙarfin yanka. Ban ji ƙara ba ma, kawai na ji bayana babu komai. Na kai hannu na rungumi itacen, kututture ya yage mini ƙirji da cinya, na zamo rabin tsawon, daga nan hannuna ya saki.

Ya ga tahowata. Waɗanda ke kusa sun ce yana da lokacin da zai matsa, taki ɗaya kawai. Bai matsa ba. Ya buɗe hannu ya sa kafaɗa. Na sauka a kan wuyansa da duk nauyina, kansa ya bugi bakin simintin hanyar ruwa.

Na tashi zaune, ba abin da ya same ni sai ƙujewa da wuyan hannun hagu da ya kumbura. Mai gona ya zo da gudu, tsoho da shi, rawaninsa na warwarewa. Ya tsallake Yaya Dauda, wallahi tsallake shi ya yi, ya durƙusa a gabana ya kama hannuna yana juyawa. "Motsa yatsu. Motsa. Nan da zafi? Nan fa?" Sai da ya gama da ni ya waiwaya.

Yaya Dauda ya farfaɗo bayan ɗan lokaci. Ya yi amai, jini kaɗan na fita ta kunnensa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Yaron fa?" Aka ce ga ni. Ya ce alhamdu lillahi. Aka kawo ruwa a ba shi, ya kawar da kai, wai ba zai karya azumi a kan ɗan buguwa ba. Suka ɗauke shi suka kwantar a inuwa, aka ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

Kafin Hajara ta iso daga bukka, mai gona ya tara mu. Ya ce nonon dabino ne ya tsinke ya faɗo wa Dauda, ni kuma na ƙuje wajen saurin saukowa. Ya ce mai hawan da aka yi ta zancen faɗuwarsa ba ya ƙara hawa da zuciya ɗaya, ga shi rabin gona ba a yanke ba. Ya ɗauki tsinkakkiyar ɗamarar ya cusa a ƙarƙashin rigarsa. Kowa ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, kuma na ji sanyi a raina da aka rufa mini. Wannan sanyin shi ne abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Da la'asar motar gonar za ta Madina, a kai ɗanyen dabino kasuwa, shi kuwa ba ya kwana. Mai gona ya ce in shiga gaba a kai ni a duba hannun. Na shiga. Ta madubi ina ganin Hajara durƙushe tana yi wa mijinta fifita da murfin kwando.

Aka duba ni, targaɗe ne, aka ɗaure. Kwana biyar na koma hawa da sabuwar ɗamara da sabon mai tarba. Yaya Dauda sai a kwana na uku aka kai shi asibiti, da ya fara kiran Hajara da sunan mahaifiyarmu. Likita ya ce da an kawo shi a ranar, wataƙila. Wataƙila kawai ya ce. Ya yi wata biyu a kwance, ya fito a yadda yake yau. Ranar sunan Nasir aka ɗora masa jaririn a cinya, ya tambaya ɗan wa ne.

Ni kuwa na yi gaba. Mai gona ya so ni, da ƙafata ta gaji da hawa ya sa ni a shagonsa na Madina, ya tsaya mini a kan takardun zama, daga baya na buɗe nawa. Hajara ta yi wankau da aikatau a gidajen mutane ta raini Nasir da ubansa tare. Na taimaka, ba zan ce ban taimaka ba, amma irin taimakon da ba ya hana mutum barci. Har ta rasu ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba. Ba ta kuma taɓa cin dabinon da nake kawowa ba.

Yanzu ana hawa da bel na roba mai ƙugiya, wasu gonakin ma da injin ɗagawa, ma'aikaci na da hula da safar hannu da gorar ruwa mai sanyi. Ranar nan na je Badr sayen kaya, na tsaya ina kallo. Duk da injin, akwai wani bawan Allah a tsaye a ƙasa, kansa a ɗage, yana jira.

"Baffa?" in ji Nasir. "Ka yi shiru."

Faisal ya tsayar da wasan, hoton ya daskare a kan jibgegen nan kwance a kan mai jefawa. Yaya Dauda na gefena yana tsotsar ƙwallon dabino.

Na ce, "Faisal yana da gaskiya. Wanda hannunsa ke sama ba ya iya kare kansa, dole a kare shi." Faisal ya fara murmushi. Na ce, "Kai ma kana da gaskiya. Da wuyan wani ake kare shi. Kashe abin nan, Faisal, ina da magana da ɗan'uwanka."

Na faɗa. Ban yi ado ba, ban rage ba. Silin da ya tsinke, da maganar da na gaya wa yayana, da takin da bai matsa ba, da tsallake shi da aka yi, da ɗamarar da aka ɓoye. Da Hausa na faɗa, a hankali, don kada Faisal ya ce bai gane ba. Muryata ba ta yi rawa ba, abin ya ba ni haushi ma. Na so a ce ta yi.

Nasir bai katse ni ba. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, direban tankar ruwa, gemunsa ya fara fari. Ya zauna yana kallon hannun ubansa da ke rawa a kan gwiwa. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, "Igiya tana tsinkewa, Baffa. Kana yaro. Wannan na ji." Ya ɗago. "Motar. Ba ta da wurin mutum biyu?"

"Gaba mutum ɗaya take ɗauka bayan direba."

"Bayanta fa?"

"Kwanduna ne."

"Kwanduna nawa za a sauke mutum ya kwanta?"

Wannan lissafin na yi shi sau dubu. Na ce, "Huɗu."

"Ka ce a sauke?"

"Ban ce ba."

"Ka ce kai ka sauka shi ya shiga?"

"Ban ce ba."

Ya gyaɗa kai. Faisal ya fara kare ni, yana cewa, "Ya Nasir, abuya lokacin..." Nasir ya ɗaga masa hannu, ba da faɗa ba, Faisal ya haɗiye sauran. Nasir ya tashi ya ɗauki kwalin dabinon daga kan tebur. Ya ɗebi cike da hannu ya zuba a faranti ya ajiye kusa da ubansa, ya rufe sauran ya miƙa wa Faisal.

Ya ce, "Sa wa Baffa a mota." Sannan ya dube ni. "Ka riƙa zuwa ganin ɗan'uwanka, ba zan hana ka ba, yana murna in ya gan ka. Amma kada ka ƙara kawo mana dabino. Shekara nawa ina maka godiya a kansa."

Ban ce ya yafe mini ba. Ba ni da fuskar roƙon, kuma wanda ya kamata in roƙa ba zai gane abin da nake roƙo ba. Na tashi, gwiwoyina na ƙara, na nemi takalmana.

Gidan Nasir a hawa na biyu yake, matakalar ƙunci gare ta, ba fitila. Yaya Dauda yana da wata al'ada da yaran ke yi wa dariya: ba ya barina in sauka ni kaɗai. Ko Faisal, ko jikoki, kowa ya sauka abinsa, ba ya ko ɗaga kai. Ni ne kawai. Da ya ga na nufi ƙofa ya ajiye farantin, ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafa ya riga ni fita. Nasir ya ce, "Baba, zauna, yau ba sai ka raka shi ba." Bai ji ba. Nasir ya kama hannunsa, ya fizge.

Ya sauka matakala uku yana dafa bango, ya juyo, ya kafa ƙafa, ya buɗe hannunsa mai rawa, wuyan nan a karkace yana kallona daga ƙasa. Nasir na tsaye a bayana a bakin ƙofa, ina jin numfashinsa.

Yaya Dauda ya ce, "Sauko, Yunusa. Ina nan."